Zauren Facebook na mata 'yan asalin Amurka masu barin ƙwaya: inda ake yin kuskure

Ƙabilun 'yan asalin Amurka, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, na cikin waɗanda fentanil ya fi yi wa ɓarna. Fentanil ƙwaya ce dangin tiramol da kodin, amma ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Zauren Facebook na taimaka wa matan da ke ƙoƙarin bari, musamman waɗanda asibiti ya yi musu nisa, muddin ba a lalata shi tun wurin kafawa ba.

Babban kuskure shi ne mai da al'ada ado: a liƙa hoton gashin gaggafa, a ce an gama. Gwamnatin tarayyar Amurka ta amince da ƙabilu sama da 570, kuma matar Ojibwe a Minnesota ba harshenta ɗaya da matar Navajo a Arizona ba, balle addu'a. A kafa kwamitin matan wurin da dattijansu, su duba kowane rubutu kafin ya fita. Su suka san bikin da ba a ɗaukar hotonsa, su suka san cewa wasu tatsuniyoyin Ojibwe sai lokacin ƙanƙara ake ba da su. Wanda ya saka irin wannan a watan Yuli, lokacin zafi a can, ya nuna shi baƙo ne, kuma matan za su yi gum.

Sai sirri. A kulle zauren, a kuma ɓoye shi daga bincike, amma a faɗa wa kowace mace tun kafin ta shiga cewa sauran za su ga sunanta; a ƙaramin gari, wataƙila ƙanwar mijinta na ciki. Tsoron a ƙwace yara ba zato ba ne a wurinsu: makarantun kwana na dole sun raba iyalai, har sai da aka yi dokar kare yaransu a 1978. Don haka a hana ɗaukar hoton allo, masu kula da zauren kuma su bayyana abin da doka ta tilasta musu kai rahoto.

Kada a bar masu cewa buprenorphine ko methadone "canza ƙwaya da ƙwaya ne". Magungunan nan, da likita ke bai wa masu barin ƙwaya, na rage mutuwa, kuma mai ciki ba ta dainawa sai da likita. Addu'a da magani tare suke tafiya.

Zaure ba ɗakin gaggawa ba ne. A liƙa saƙo a sama: lambar gaggawa 911, lambar taimakon masu matsananciyar damuwa 988, da yadda ake fesa naloxone a hanci, maganin farfaɗo da wadda ƙwaya ta yi wa yawa, wanda ake saya ba takardar likita tun 2023. Miligiram 4 ne. Idan wadda aka fesa wa ba ta farfaɗo ba cikin minti 2 zuwa 3, a fesa sabo a ɗaya hancin. Wadda ta fito daga gidan yari ko wurin jinya, a neme ta ta saƙon sirri a ranar, domin jikinta ya daina jure adadin da ta saba sha.