Masu tallar abaya da turare a Jidda, ku kula da sauti

'Yan uwa masu sayar da kaya ta waya, a bidiyon talla mai saye yakan yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma hayaniya a murya ba ya jure ta. A nan Jidda ƙarar AC ce matsalarmu. Ku kashe shi minti biyar, zafin ba zai kashe mutum ba, ku ɗauki murya bayan Asuba kafin motoci su cika titi. Ni gaban kabad ɗin kayana nake tsayawa in buɗe shi, tufafin suna shanye amsa-kuwwa.

Bidiyo kuwa a tsaye, 9:16, kusa da taga. In baƙar abaya ce, ku taɓa ta a fuskar wayar tukuna don ɗinkin ya fito. Ku haɗa muryar da bidiyon a CapCut, manhajar gyaran bidiyo, ku sa farashi da riyal da naira.