Yadda ake shuka lalle da kula da shi a ƙasar Bauchi

Mata da yawa a Bauchi sun san garin lalle, suna sayensa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal idan biki ya matso, amma ba kowace ce ta taɓa tsayawa ta dubi itacen da ganyen ya fito daga jikinsa ba. Lalle ƙaramin itace ne mai yawan rassa, wanda tsawonsa kan kai mita 2 zuwa 6 idan aka bar shi ba a sare ba. Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa masa a 1753 don girmama abokinsa Isaac Lawson, wani likita ɗan Sukotland, kuma danginsu ɗaya da rumman. Kalma ta biyu a sunan tana nufin marar ƙaya, ko da yake duk wanda ya taɓa cusa hannu cikin tsohon lalle ya san cewa ƙarshen rassansa kan yi tsini ya soki mutum. Furensa ƙanana ne, farare ko masu ɗan ja-ja, suna fitowa a dunƙule a kan reshe, ga ƙamshi da ke cika tsakar gida da yamma.

Abin da ke sa ƙunshi ya kama wani sinadari ne a cikin ganyen da ake kira lawsone, wanda ke manne wa fata da farce da gashi. Ya fi yawa a sabon ganye, kuma zafin rana yana ƙara masa ƙarfi, shi ya sa garin Sojat na jihar Rajastan a Indiya, inda ruwan sama bai da yawa, ya yi suna wajen noman lalle. Saboda haka a zaɓa masa fili wanda rana ke duka tun safe har la'asar, da ƙasar jigawa ko wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta.

Ana iya shuka iri, amma ɓawonsa yana da tauri, sai an jiƙa shi na 'yan kwanaki ana canja ruwan kullum kafin a yayyafa shi a wurin reno. A ganina dashen reshe ya fi sauƙi ga mai son shinge ko 'yan gindi kaɗan a bayan ɗaki. A yanko reshen da ya fara ƙwari, mai kaurin fensir, tsawonsa kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori, a tsige ganyen ƙasa, a soke rabinsa cikin ƙasa mai laima, a danne gindin da tafin hannu. Tsakanin wannan da wancan a bar kamar kamu ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Yuni zuwa farkon Yuli, bayan damina ta kankama. Karon farko da na gwada, na jera rassan a bakin makwarara inda laka take, ina ganin gata na yi musu, sai ga shi cikin mako biyu gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. Waɗanda na soke a kan kunya kusa da katanga, na kuwa yi musu rowar ruwa, su ne suka yi toho.

A shekarar farko yana bukatar a riƙa cire masa ciyawa, a kare shi daga awaki da ɗan shingen ƙaya, a kuma lura da gara. Takin dabbobi da ya ruɓe sosai, sau ɗaya a farkon damina, ya wadatar. Idan hunturu ya shigo ya zubar da ganye, kada a ɗauka mutuwa ya yi, da zafin bazara ya dawo zai sake tohowa.

Sara shi ne babban aikin mai lalle. Itacen da aka bari ya miƙe sama zai ba da fure da inuwa, amma ganyensa zai yi kaɗan, alhali wanda ake datsewa da lauje ko adda mai kaifi, a bar masa kututture kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, shi ne ke cika da sababbin rassa. A fara sara daga shekara ta biyu, a ƙarshen damina, kafin ganyen ya soma rawaya. A shanya rassan a inuwa, a zaure ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, domin rana tana kashe launin ganyen da aka riga aka yanke. Idan ya bushe har yana karyewa a hannu, sai a kakkaɓe shi a kan tabarma, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba a mazubi mai murfi a ajiye inda haske da laima ba sa kaiwa. Garin da aka yi wa haka yakan fito kore shar, kuma ba ya bukatar a haɗa shi da baƙin rinin gashi irin wanda ke ƙona fatar wasu matan.