In Allah ya ba ki yaro mai ciwon da ba a saba gani ba

'Yan uwa mata na Jidda da Makka, wannan naku ne, musamman wadda aka ce mata ɗanta na da PKU (wani ciwon gado da ake haihuwar yaro da shi) ko irin cututtukan nan da ko suna ba mu da shi da Hausa.

Ki fara da takardu. Duk wani taƙrir (rahoton likita) da sakamakon gwaji ki tara su fayil ɗaya ki ɗau hotonsu a waya, sannan ki sa likita ya rubuta miki sunan ciwon da Larabci da Turanci da abin da za a yi in yaron ya kwanta rashin lafiya, don wallahi in kika je ɗawari (sashen gaggawa) tsakar dare wanda ke bakin aiki ƙila bai taɓa ganin irinsa ba, ke za ki yi masa bayani. Kunyar nan ta kar a ce na cika tambaya, ki baro ta gida.

Sai ki san ciwon ciki da bai. Mai PKU jikinsa ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin nama, kifi, ƙwai, madara, wake da gyaɗa, in ya taru ƙwaƙwalwa yake taɓawa, shi ya sa ake ba shi madara ta musamman ana auna masa abinci. Lemon diet mai aspartame (sinadarin zaƙi da ake sawa maimakon sukari) ma banda shi. To nan fa ake yin ta, lokacin Umra baƙi sun sauka daga gida an baje tsaraba, gwaggo ta yago kilishi ta miƙa wa yaro tana cewa haba ɗan wannan me zai yi. Ki riƙe hannunta da fara'a ki ce Gwaggo likita ya hana, ki ba shi nasa da kika tanada. Za ta ji haushi, ta huce.

Masu cewa daga danginki ne kuma, amsarsu gajera ce, PKU sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake fitowa, kuma kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Gwajin kafin aure da Saudiyya ta wajabta tun 2004 sikila da talasimiya (shi ma ciwon jini ne) yake dubawa a cututtukan gado, ba wannan ba.

Ruƙiya da zamzam ki yi abinki, amma kar a ajiye madarar.

Maigida kai ma da kai nake, mau'idin asibiti (ranar ganin likita) ba na mata kaɗai ba ne, ka koyi haɗa madarar nan ka karɓe ta wani daren ta samu barci.

In wani cikin ya samu ki faɗa wa likita tun awon farko, kuma kar ku bar asibiti sai kin tabbatar an ɗibi jinin dugadugin jaririn don gwajin ciwon, an faɗa miki ranar karɓar sakamako.