Shawara ga sabbin ɗalibai masu son yin shaida a makaranta

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman ƙannenmu da suka shigo aji ɗaya bana, ko kuna FCS ko NIFES, wato ƙungiyoyin zumuntar ɗalibai Kiristoci. Don Allah kar ku fara da wa'azi a ranar farko da aka haɗa ku ɗaki ɗaya da mutum a hostel. Ku fara da zama lafiya da shi tukuna. In ka ɗebo ruwa ka cika masa bokiti, in ka dafa indomi ka ce ya sa hannu, in lokacin sallarsa ya yi ka rage ƙarar waƙar da kake ji a waya, wannan ma shaida ce kuma yana gani. Lokacin jarabawa in ka iya lissafi ka zauna ka koya wa wanda ya kasa ba tare da ka sa masa sharaɗin zuwa zumunta ba.

Ranar da ya tambaye ka me ya sa kake haka, to sai ka ba shi amsa da tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koya mana, ka faɗi abin da Yesu ya yi maka kai kanka, a taƙaice.

Abu ɗaya nake roƙonku da gaske, kar ku taɓa zagin addinin wani ko abin da yake girmamawa, kuma group ɗin aji na WhatsApp na karatu ne, ba wurin musun addini ba ne. In magana ta fara zafi ku yi shiru ku tashi, ku je ku yi masa addu'a.