Kurakuran da aka fi yi wajen saka ƙaramin aiki cikin ma'ajiyar Git

Na gaji da ganin masu koyo suna kwaso foldar wani aiki ɗungurungum, da ɓoyayyiyar `.git` ɗinta a ciki (foldar da Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren aiki, ke ajiye tarihin), su jefa cikin babbar ma'ajiya su buga `git add`. Git yana gargaɗi cewa ga ma'ajiya a cikin ma'ajiya, amma ba mai karantawa. Lambar commit (wato gyaran da aka adana a tarihi) guda kawai zai ajiye, ko fayil ɗaya bai shiga ba. A kwamfutarka komai na nan daram, shi ya sa ba za ka farga ba. Wanda ya yi `clone` (ya kwafi ma'ajiyar zuwa kwamfutarsa) kuwa, folda wayam zai tarar.

Wannan ya taɓa jawo mini asarar da har yau take ci mini rai. Wani abokin aikina ya yi haka, kwamfutarsa ta mutu, muka buɗe ma'ajiyar da tunanin aikin yana ciki, sai lamba ba komai a bayanta. Muka sake rubuta shi tun daga tushe. Maganinsa: ka buga `git rm --cached` da sunan foldar, sannan ka zaɓa. Ko ka goge `.git` ɗin ciki fayilolin su shiga kamar kowanne, ko ka yi `git submodule add` da adireshin ƙaramar ma'ajiyar, a rubuta ta cikin fayil ɗin `.gitmodules`, ta zama submodule, wato ƙaramar ma'ajiya mai zaman kanta da babbar ke nuni gare ta.

Kuskure na biyu ma yana ƙona mini rai: mutum ya yi gyara a submodule, ya tura babbar ma'ajiya, ya bar ƙaramar a kwamfutarsa. Haba malam! Ka aika wa mutane lambar da ba ta ko'ina sai wurinka, kowa aikinsa ya tsaya cak. Ƙaramar ake fara turawa. Ni ba na tura komai sai da `--recurse-submodules=check`, shi zai hana ni in na manta.

Idan ka yi `clone` ka ga folda ba komai, `git submodule update --init --recursive` ya ishe ka, in dai an rubuta ta cikin `.gitmodules`. Kafin ka taɓa submodule, hau reshe (branch, wato layin aiki mai suna) tukuna, don bayan `update` ba a kan reshe yake barinka ba.

Ni dai na fi son `git subtree`, tunda fayilolin suna shiga ma'ajiyar da kansu, kuma kullum ina haɗawa da `--squash` don kada tarihin wani ya cika nawa. Sai dai kada ka cuɗa gyaran ƙaramin aikin da na babban a commit ɗaya, domin ranar `git subtree push` bayanin da ka rubuta don babban zai bi gyaran zuwa ma'ajiyar masu shi.