Yadda Ake Zaɓen Babur na Doguwar Tafiya da Hanyar Burji

Yawancin masu neman babur na tafiya mai nisa girman inji suke fara tambaya, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne nauyi. A kan kwalta ba ka jin nauyin babur, inji ne ke ɗauke da shi. Da zarar ka sauka a yashi ko taɓo, nauyin ya dawo kafaɗarka. Kuma faɗuwa a irin wannan hanya dole ce, ko gwani yana faɗuwa. Don haka tambayar farko ita ce: idan babur ɗin nan ya kwanta da kayansa, rana na tsaka, babu kowa a kusa, za ka iya tayar da shi kai kaɗai sau uku a jere?

Ga yadda nauyin yake idan tanki a cike. BMW R 1250 GS Adventure kilo 268 ne, ya fi buhun siminti biyar, tun kafin a ɗora jaka ko ɗaya. Yamaha Ténéré 700 kusan kilo 205. Kawasaki KLR650 ya ɗan haura haka kaɗan. Royal Enfield Himalayan 450 kilo 196. Suzuki DR650 kilo 166. Honda CRF300 Rally kilo 153. Idan kashi 80 cikin ɗari na tafiyarka kwalta ce, kuma kana goyo, manyan sun fi daɗi kuma ba sa gajiyar da mutum. Idan kuwa rabin hanyar burji ce ko yashi, kada ka wuce kilo 200 da ɗoriya, ƙasa da haka ma ya fi. Wanda ya fara cin gasar Paris zuwa Dakar a 1979, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT500 ya ci, babur mai silinda ɗaya mara nauyi. Daga irinsa aka samo jerin baburan da kamfanin ya sa wa sunan hamadar Tenere ta ƙasar Nijar a 1983.

Bayan nauyi sai ƙafafu, kuma a nan ya kamata a tsaya sosai. Ƙafar gaba mai inci 21 ita ce ta hanyar ƙasa: tana haye rami da dutse maimakon ta faɗa ciki, tana kuma riƙe layi a yashi da gargada. Mai inci 19 tsaka-tsaki ce, ta fi kwanciya a kwana kan kwalta. Mai inci 17 a gaba ta titi ce kawai, ko da an yi wa babur ɗin ado da kamannin na daji. Sannan ka duba rim. Na sifok yana lanƙwasa idan ya daki dutse, a buga shi ya koma a ci gaba da tafiya. Na zubi tsagewa yake yi, kuma ba mai gyara maka shi a ƙauye.

Sai batun tiyub. Taya marar tiyub idan ƙaya ko ƙusa ta huda ta, cikin minti goma ka toshe ba tare da ka cire ƙafar ba. Amma idan rim ya lotsa ko gefen tayar ya yage, iska ba za ta zauna ba. Mai tiyub kuma sai ka kwance ƙafa, ka ɓalle taya, aikin kusan awa guda ga wanda bai saba ba, sai dai kowane mai faci a kowane gari ya iya ta. Kowacce ka zaɓa, ka riƙe tiyub mai inci 21 a jaka, domin a lokacin larura yana iya shiga ƙafar baya ma ya kai ka gari. A yashi ana rage iska daga kusan 32 zuwa wajen 20 a ma'aunin iskar taya (psi) don tayar ta baje. Kada ka yi ƙasa da haka a taya mai tiyub, saboda tayar na iya zamewa a kan rim ta fizge bakin tiyub ɗin, wannan kuwa ba ya faci. Da ka hau kwalta ka mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta lalace.

Lissafin mai kada a yi shi da abin da kamfani ya rubuta kawai. Ténéré 700 na da tankin lita 16, yana yin kamar kilomita 22 zuwa 24 a lita, wato kusan kilomita 350. CRF300 Rally lita 12.8 ne amma yana kaiwa kilomita 30 a lita, don haka nisansu ya yi kusa. KLR650 lita 23. A yashi mai zurfi, da kaya, da iskar hunturu tana bugun ƙirji, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu daga lissafin. Daga Zinder zuwa Agadez wajen kilomita 450 ne, kuma ba a dogara da cewa kowane gidan mai da ke hanya yana da mai a ranar. Ka auna tazara mafi tsawo tsakanin wuraren da ka tabbata akwai mai, ka ƙara kilomita 80 a kai.

Ingancin man ma abin dubawa ne. A nesa da birni man kwalba da na jarka za ka saya, wani da ƙura, wani da ruwa. Injin da matsinsa ba shi da yawa, irin na KLR650 da DR650, yana haƙuri da wannan. Manyan injinan Turai da aka ƙera don mai mai lamba 95 sukan yi ƙara su yi zafi idan man ya yi rauni. Kabureta tana toshewa, amma da sukundireba ake kwance ta a wanke a gindin bishiya. Injekta ta fi tattalin mai kuma ba ta damu da canjin yanayi ba, sai dai idan datti ya kashe famfon da ke cikin tanki, tafiya ta tsaya. Maganin duka biyun mai arha ne: mazurari mai rariya, a tace kowace lita kafin ta shiga tanki.

Tsayin sirdi yana tsorata mutane. Na Ténéré 700 santimita 87.5 ne, na Himalayan 450 kuma 82.5. Ba sai tafin ƙafa biyu sun taka ƙasa ba, amma ƙafa ɗaya ta taka da kyau. Gara a rage soson sirdi a kan a rage tsayin shoka, domin tazarar da ke tsakanin inji da ƙasa, wadda ya kamata ta kai santimita 22 ko fiye, ita ke hana dutse fasa maka gindin inji. Ka kuma miƙe tsaye a kan matakan ƙafa ka kama kan babur ɗin. Haka ake tuƙi a gargada, idan sai ka duƙa sosai kafin hannunka ya kai, bayanka zai gaya maka kafin azahar.

Birkin ABS, wanda ke hana ƙafa kullewa idan an taka birki da ƙarfi, yana ceton rai a kwalta, amma a tsakuwa da gangaren burji yana sakin birki a lokacin da ake buƙatarsa. Ka nemi wanda ake iya kashe na bayansa. Filtar iska ta soso ta fi ta takarda a ƙasar ƙura, tunda ana wanke ta a shafa mata mai a mayar, kuma ka duba ko cire ta na buƙatar sauke tanki, domin a hunturu kusan kullum za ka buɗe ta. Akwatunan ƙarfe suna da kyau a ido, amma a yashi sukan danne ƙafa idan an faɗi, jakunkuna masu laushi sun fi aminci. Kayan gaba ɗaya kada su wuce kilo 25, masu nauyin a ƙasa kuma kusa da tsakiya.

Akwai abin da masu sayar da manyan babura ba za su faɗa maka ba. A yankinmu Boxer da ire-irensa masu inji 150 ne ke ratsa hanyoyin da babu mai kai babban babur, kuma fulogi, sarƙa, kebur ɗin kuloci da bakanike duk suna nan a kasuwar kowane ƙauye. Ba su da gudu, shokarsu gajeriya ce, amma wanda kuɗinsa bai kai ba ya sa wa irin wannan taya mai ƙurgu da farantin kare inji, zai je inda yake so. Wanda ya sayi babba kuwa, kafin ya biya ya tambayi inda zai samu birki, filta da taya, da kwana nawa suke ɗauka su iso.

Idan na hannu za ka saya, ka je da safe inji na sanyi, kada ka yarda a tayar kafin ka iso. Ka buɗe akwatin filta ka shafa bayanta da yatsa: idan ka ji ƙura, ta riga ta shiga inji ta ci zoben fistin. Ka daddaki sifok ɗaya bayan ɗaya da sifana, wanda bai yi ƙara ba ya saki. Ka duba ko mai na tsiyaya a shokar gaba, ko haƙoran faifan sarƙa sun yi tsini sun karkata, sannan ka ɗaga ƙafar gaba ka juya kan babur ɗin a hankali, idan yana maƙalewa a tsakiya boris ɗin wuya ya tafi. A ƙarshe ka gwada lambar jiki da ta inji da abin da ke rubuce a takardun kwastan, harafi bayan harafi, domin a shingen bincike da kan iyaka ita za a fara dubawa.