Yadda ake mayar da gyaran manhaja wajen masu ita

Yawancinmu masu rubuta kod a nan Jos da kayan kyauta muke aiki, Linux, Python, da ƙananan laburaren da muke jawowa da pip ko npm. Amma in mutum ya ci karo da matsala sai ya shiga fayil ɗin ya gyara a kwamfutarsa ya yi shiru abinsa, ranar da ya sabunta laburaren kuma gyaran ya tafi, an koma gidan jiya, ga wani a Kano ko Zariya yana can yana fama da abin da ka riga ka warware. Tura gyaran ga asalin masu manhajar ya fi maka sauƙi kai kanka, don in ya shiga su ne za su ci gaba da riƙe shi.

Bari mu ɗauki misalin da mu Hausawa muke yawan gani. Wasu laburaren da ke mayar da taken labari ya zama adireshin shafi suna zubar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, sai ka ga "ɗalibi" ya koma "alibi". Dalili shi ne dabarar da suke bi ta cire alamar da ke kan harafi tana aiki a kan é na Faransanci, amma ɗ a Unicode harafi ne mai zaman kansa, ba ya rabuwa, sai kawai a jefar da shi.

Da farko kar ka taɓa kod tukuna. Gwada da sigar ƙarshe ta manhajar, wataƙila an gyara tuni. Sannan ka shiga sashen Issues, inda ake kai ƙarar matsaloli, a GitHub ko GitLab, shafukan da ake ajiye kod ɗin ayyukan nan, ka bincika ko wani ya riga ka kai ƙara. In babu, buɗe sabo ka faɗi sigar da kake amfani da ita, abin da ka saka, abin da ya fito, da abin da ya kamata ya fito. Layi uku na kod da ke nuna matsalar sun fi dogon bayani. Da Turanci za ka rubuta, kuma ba sai ya yi kyau ba, da yawa cikin masu kula da ayyukan nan su ma koyonsa suka yi.

Sai ka karanta fayil ɗin CONTRIBUTING.md, inda masu aikin ke rubuta ƙa'idodin turo gyara. Nan ne mutane ke tsallakewa kuma nan ake korarsu. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Wasu za su ce ka sa hannu a yarjejeniyar CLA, wato ta ba su izinin amfani da kod ɗinka, wasu layin Signed-off-by suke so a ƙasan kowane kamit (canjin da ka adana a git, manhajar riƙe tarihin kod), wanda git commit -s ke sakawa. Ƙwayar Linux kuwa, wato kernel, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, har yau ta imel ake aika mata gyara da git send-email, ba ruwanta da maɓallin GitHub.

Yanzu aikin hannu. Danna Fork ka samu kwafi a asusunka, ka sauko da shi da git clone, in datarka ta yi ƙasa kuma aikin babba ne ka ƙara --depth 1 don kar ka jawo tarihin shekaru. Haɗa shi da tushe: git remote add upstream sai adireshin asalin aikin. Buɗe reshe na daban da git switch -c ka ba shi suna mai ma'ana, kar ka yi aiki a kan main, babban reshen aikin. Kafin ka canza komai ka kunna gwaje-gwajen da ke ciki ka ga suna wucewa.

Gyaran ya zama ƙarami, don Allah. Abu ɗaya. Kar ka ga an bar sarari ba daidai ba a wani fayil ka ce bari in share musu gida gaba ɗaya, mai dubawa zai ga layi ɗari biyar sun canza ya rufe ya tafi, kuma da gaskiyarsa, yawancinsu ba biyansu ake ba, bayan sun tashi daga aiki suke dubawa. Ka haɗa da gwaji guda da ke faɗuwa in babu gyaranka, ya wuce in akwai. A misalinmu, gwajin da ke tabbatar da "ɗalibi" ya koma "dalibi". A saƙon kamit ka faɗi dalilin canjin, abin da ka canza kowa na gani.

Sai git push, ka buɗe PR, wato pull request, buƙatar a haɗa gyaranka da asalin aikin. A bayanin ka rubuta Fixes da alamar # da lambar ƙarar, GitHub zai rufe ta da kansa in an haɗe gyaran. Injin gwaji zai zagaya, in ya nuna ja ka buɗe ka karanta, kar ka jira a faɗa maka.

Daga nan sai haƙuri. Za a iya yin sati biyu ba amsa, tunatarwa ɗaya cikin ladabi ta isa, ba "yallaɓai ana jira" kullum ba. In sun yi maka tambayoyi kamar 'yan sanda kar ka ji haushi, tun da aka gano ƙofar ɓoye da wani ya dasa a xz, manhajar matse fayiloli, a watan Maris 2024 bayan ya daɗe yana turo gyara har aka yarda da shi, kowa ya ƙara sa ido. Hacktoberfest na 2020, shirin watan Oktoba da aka ba masu turo gyara kyautar riga, shi ma ya bar tabo, mutane suka yi ta turo canjin banza don neman riga. In an nemi ka sake wani abu, gyara a reshen nan ka sake turawa, PR ɗin zai sabunta kansa. In tushe ya yi gaba ya bar ka, git fetch upstream sai git rebase upstream/main.

In an ƙi karɓa, tambayi dalili, wani lokaci akwai wani saiti da ke yin abin da kake so. In an karɓa kuma kar ka yi saurin cire facin da ke kwamfutarka, jira sai an fitar da sabuwar siga mai ɗauke da gyaran, ka sabunta, ka gwada, sannan ka goge facin da reshen.